Gaisuwa ta Taga

Ba zan taɓa mantawa da tseren motocin da aka yi wata kaka tsakanin Karaye da Rogo ba, kuma ko da Allah ya taimake ni na manta, akwai mutanen da suka ɗauki nauyin tuna min kyauta. Har gobe idan na ratsa ta bakin tasha sai an samu wani ɗan acaɓa ya ɗago min hannu daga nesa ya ce, "Malam, an samu ƙofa kuwa?" Nakan yi murmushi in ce an samu, in ƙara sauri.

Ni malamin firamare ne a Karaye. Matata Rabi 'yar Yammedi ce. Mahaifinta manomin gyaɗa ne da dawa, dattijo mai shanun huɗa biyu da amalanke, wanda duk muke kira Baba. Ƙanwar Rabi, Hauwa, tana auren wani direba a Rogo mai suna Sagiru. To Sagirun nan shi ne ciwona.

Kada ku ɗauka wani abu ya yi min. Da ma ya yi, da na samu abin riƙewa. Siriri ne, mai fara'a, kullum haƙora a waje. Yaya yake kirana tunda ni ke auren babbar, kuma ko a tsakiyar kasuwa muka haɗu sai ya rusuna ya gaishe ni. Ya taɓa ɗauko min buhun masara tun daga Rogo har ƙofar gida, ya sauke da kansa, ya ƙi tsayawa ko ruwa ya sha. Mutum irin wannan ba ka da yadda za ka yi da shi, sai dai ka riƙa jin haushinsa a ciki kana amsa masa da "lafiya lau, ƙanena".

Abin da yake ci na a rai shi ne yadda Baba yake da shi. Idan na je Yammedi gaisuwa, zan tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, in jero gaisuwa tun daga kwana har kan shanu. Baba zai amsa yana kallon wani gefe. "Lafiya, Malam. Madalla, Malam." Shi ke nan. Amma Sagiru na yin sallama sai fuskar tsohon ta washe. "Ja'iri, yau ka tuna da ni? Zo nan ka zauna." A kan tabarmarsa fa, kafaɗa da kafaɗa, suna ɓare gyaɗa suna dariya. Ni kuwa ina can bakin ƙofa a kan tawa tabarmar, an ajiye min fura a kwano mai murfi kamar baƙon da hukuma ta turo.

Na taɓa yi wa Rabi ƙorafi. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce, "Haba Malam, kamar ba Bahaushe ba. Ni fa 'yar fari ce. Tunda aka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce waccan. Kai da kake mijina so kake ya rungume ka? Hauwa ita ce auta, mijinta abokin wasa ne." Na san gaskiya ta faɗa. Kunyar ɗan fari ba baƙon abu ba ne a wurina, haka mahaifiyata take yi wa babban yayanmu har yau. Kaina ya gane, amma zuciyata ta ƙi zuwa aji.

Ana nan sai direbobi da makanikan Rogo da na Karaye suka ƙirƙiro wani abu. Idan ruwa ya ɗauke aka cire gyaɗa, sai su fito da tsofaffin motocin da suka gaji da ɗaukar fasinja, kowa ya gyara tasa yadda ya iya, a yi tsere a hanyar burjin da ta bi ta bayan gonaki. Ba wata kyauta ta a zo a gani, sababbin tayoyi ne guda biyu da suna a bakin mutane. Shekarar farko Sagiru ya cinye, da wata tsohuwar taksi da ya haɗa da hannunsa ya yi mata jan fenti.

Ba a daɗe ba aka yi suna a Yammedi. Ina tsugune ina rarraba goro, Baba yana ba dattawan gari labarin tseren da ko kallo bai je ba. "Mota a hannun Sagiru," in ji shi, "kamar shi ya yaye ta." Sai wani tsoho mai neman magana ya nuno ni da baki ya ce, "Shi wannan fa, bai iya ba?" Baba ya ce, "Malam ai malami ne."

Na san girmamawa yake nufi. Amma ni abin da na ji shi ne, wannan ba ya iya komai sai alli. Na yi ta juya maganar a raina har muka kamo hanyar Karaye, kuma kafin mu iso gida na gama yanke shawara. Baɗi zan shiga tseren, zan wuce Sagiru, kuma sai Baba ya faɗa da bakinsa cewa ni ne a gaba. Tayoyin ko a ba wani ban damu ba.

Tuƙi dai na iya daidai gwargwado (na taɓa riƙe motar wani kawuna kafin in tafi karatun malanta). Motar ce babu. A bayan garejin Usaini, wani makanike kuma mai walda a unguwarmu, akwai wata tsohuwar taksi da ta daɗe a kan duwatsu, kaji sun mayar da kujerar bayanta wurin ƙwai. Na sayar da babur ɗina na saye ta, na koma zuwa makaranta a ƙafa. Na gaya wa sauran malamai likita ne ya ce in riƙa motsa jiki.

Kullum aka tashi makaranta sai in zarce gareji. Muka sauke inji muka wanke, aka canja ringi da fulogi, aka samo kafireton wata mota da ta fi ta ƙarfi. Muka cire kujeru duka ban da tawa, muka cire gilasan gefe da silin, wai don ta yi sauƙi. (Usaini ya ce idan nauyi ake son ragewa akwai inda ya kamata a fara, yana kallon tumbina. Na yi kamar ban ji ba.) Aka ɗaga ta sama don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa a kwazazzabo, aka ɗaura mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, aka lanƙwasa bututu irin na rijiyar burtsatse aka yi mata keji a ciki saboda ko ta kife. Salansa kuwa yanke ta muka yi. Ranar da motar ta fara tashi, akuyar maƙwabcin Usaini ta tsinke igiya. Na yi mata shuɗin fenti, saboda ta Sagiru ja ce.

Da Sagiru ya ji labari, har gida ya zo. "Yaya, ashe ana shiri ba a gaya min ba? Duk abin da kake buƙata ka yi magana. Akwai shakazoba biyu a wurina, ajiye kawai suke." Na ce na gode, komai ya kammala. (Komai bai kammala ba. A lokacin shakazoba, abin da ke rage wa mota jijjiga a gargada, nake nema ido rufe.) Tambayar Sagiru ita ce abin da ba zan iya ba. Leƙensa kuwa, wannan na iya.

Wata ranar kasuwar Rogo na shiga motar haya na tafi. Na ce wa Rabi barkono zan sayo, barkonon da ake sayarwa a ƙofar gidanmu. Na samu wani lungu bayan tarin buhunan gyaɗa inda nake hango jar motar a fake a bakin tasha, na laɓe. Can sai ga Sagiru. Ko taɓa hannun ƙofa bai yi ba. Dafa rufin ya yi, ya ɗaga ƙafafu biyu ya zura ta taga, sai ga shi zaune a bayan sitiyari kamar an zuba shi. 'Yan tasha suka yi masa tafi. Na ce a raina, af, ashe nan sirrin yake. Da ma na sha gani a waya, masu tseren ƙasashen waje ta taga suke shiga, an liƙe ƙofofin don jikin motar ya zama guda, ya yi ƙarfi. Wato Sagiru ya san wannan, ya zo yana yi min tayin shakazoba.

Washegari na ce wa Usaini ya liƙe ƙofofin da walda. "Duka huɗun, Malam?" Na ce duka. Ya kalli taga, ya kalle ni, ya sake kallon taga. Sannan ya ce, "To," ya jawo kayan aikinsa.

Da aka kawo motar ƙofar gida Rabi ta fito ta zagaya ta. Ta ja hannun ƙofar gaba, ta ja na baya. "Wai ta ina ake shiga?" Na nuna mata taga. "To ni fa?" Na ce ba motar zuwa biki ba ce. Ta ce Allah ya kyauta, ta koma ciki, kuma daga inda nake tsaye ina jin ta tana ba maƙwabciyarmu labari ta kan katanga.

Da turmin Rabi na koyi shiga. In kifa shi, in taka, in zura ƙafa, in bi da sauran jiki a hankali ina riƙe numfashi. Fita ta fi wuya, ita ma da ƙafa ake farawa, amma tana yiwuwa idan na cire riga kuma babu mai kallo. Da a haka na bar abin, da an zauna lafiya. Amma ana gab da tsere wani ya tsegunta min cewa Sagiru ya gitta bututu ɗaya a gefen direba don kariya. Na mayar wa Usaini motar na ce ni biyu za a sa min. Na biyun ya bi ta ƙasan tagar, ya cinye kusan faɗin tafin hannu daga wurin da da ma da ƙyar yake isata. Ban gwada shiga ba, balle fita. Lissafina shi ne idan na ci tsere, jama'a da kansu za su zaro ni su ɗaga sama.

Ranar Asabar da hantsi aka taru a wata gona da aka girbe a bayan gari. Motocin ba su kai goma ba, amma jama'a kamar ranar kasuwa. Usaini ne ya kawo tawa. Na sa hular kwano ta aro, da wata riga mai kauri da na tsinto a gwanjo don ta yi kama da ta masu tsere, da sabon wando, da bel mai ƙaton kai. Babu turmi a wurin, don haka mutum biyu suka cusa ni ta taga, ɗayan yana cewa, "A ja ciki, Malam, a ja ciki." Ina gyara zama Sagiru ya tako daga can ƙarshen layi inda tasa motar take, ya leƙo. "Yaya, Allah ya tsare hanya. Idan ka zo rafin nan kada ka bi dama, yashin wajen yana da zurfi." Na ce amin, na ƙudurta a raina dama zan bi, tunda shi ya ce kada a bi.

Wani ya kaɗa ɗankwali a kan sanda, muka tashi.

Zan faɗa ko da za a ce yabon kai ne: motar nan ta yi gudu. Ƙararta kaɗai ta isa ta sa na gabana ya kauce. Na wuce ɗaya, na wuce biyu, haƙorana suna haɗuwa saboda rashin shakazoba na kirki, hular kwano tana bugun keji. Da muka gangaro rafin na hango yashin dama ya yi fari fat, sai tsoro ya ƙwace sitiyarin ya kai ni hagu. Na haye lafiya. (Wato shawarar Sagiru ce ta fitar da ni, amma ban ga dalilin gaya wa kowa ba.) Wanda ke bina a baya ya bi dama, ya nutse, motarsa ta gitta ta tare mashigar. A madubi na ga jar mota ta tsaya a bayansa tana neman hanya. Na taka totur har ƙasa. Gonaki suna wucewa, mutane a kan tudu suna ɗaga hannu, ni kuma ina ihu ni kaɗai a cikin hula. A rayuwata ban taɓa jin daɗi irin na wannan ɗan lokacin ba.

An yi shela tun da wuri cewa a bar hanyar ranar Asabar. Amma shela ba ta shafi Baba ba, wanda yake bin hanyar nan tun kafin a haifi mai shelar. Ina karyo wata kwana kusa da mararrabar Yammedi sai na hango amalanke a gefen hanya, fararen shanu biyu, buhunan gyaɗa, da wani tsoho a sama da malafa. Ko daga barci aka tashe ni na san malafar nan.

Akwai wurin wucewa, har na mota biyu. Kuma da na wuce babu mai zargina, tsere ake. Daga baya na yi ta gaya wa mutane ladabi ne ya tsayar da ni, ba a wuce suruki a hanya. Akwai wannan ɗin, amma kaɗan ne. Abin da ya faɗo min shi ne, hula ta rufe min fuska, kuma Baba bai taɓa ganin motar ba. Idan na wuce fuu, zai koma gida ya ce wata shuɗiyar mota ta wuce shi a hanya. Wa zai gaya masa ni ne, kuma Sagiru yana baya? Na duba madubi, babu kowa. Na ce gaisuwa ɗaya, in koma in ƙarasa cin tserena. Na taka birki, na kashe inji saboda shanun sun fara zare ido.

Sai hannuna ya tafi neman hannun ƙofa.

Ba a gaida suruki daga zaune a cikin mota, wannan kowa ya sani. Baba ya riga ya ja shanu ya tsaya yana kallon motar. Sauri ya sa na manta duk abin da turmi ya koya min, maimakon ƙafa na fara da kai. Kai ya fita, kafaɗu suka fita da ƙyar, ƙirji ya biyo. Da aka zo kan tumbi sai magana ta tsaya. Na yunƙura gaba, kan bel ya saƙale a bututun nan na biyu, wanda na sa don in fi Sagiru. Na yunƙura baya, rigar gwanjo ta tattare a hammata ta toshe hanya. Nauyin sama ya rinjaye ni, na sulale har tafukan hannuna suka dafa burji. Ƙafafuna suna ciki suna harbin rufi.

To me zan yi? Ga suruki yana kallo. Na tura gilashin hular da hannu ɗaya na ce, "Baba, barka da hantsi."

Baba ya sauko daga amalanke. Ya dube ni, ya gane ni, sannan ya juya fuskarsa ga wata gonar dawa da ke ɗaya gefen hanyar kamar wanda ya zo taya ta.

"Barka kadai, Malam. An tashi lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Ina gajiya?"

"Babu gajiya. Ya mutanen gidan?"

"Lafiyarsu ƙalau, suna gaishe ku."

"Madalla. Ya makaranta?"

"Alhamdu lillahi, Baba."

A nan na tuna ba a gaida babba da takalmi a ƙafa, sai na goga su da juna na tuɓe su a cikin mota, inda babu mai gani. Jini ya taru min a ka, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. Muka gaisa har kan shanu da amfanin gona, Baba bai tsallake ko ɗaya ba. A ƙarshe ya ce, "Ya hanya?" Na ce hanya lafiya lau.

Sai ga ƙarar mota. A kife nake ganin duniya, ƙasa a sama, sama a ƙasa, amma jan fenti ko a kife ja ne. Motar ta rage gudu, ta tsaya a bayan tawa. Ina kallo ƙofar direba ta buɗe. Ta buɗe kamar ta kowace mota, har da 'yar ƙararta. Sagiru ya sako ƙafa ya fito kamar mutum.

Ya tuɓe takalmi ya durƙusa wa Baba a gurguje, sannan ya rugo wurina. "Subhanallahi. Yaya, haɗari ka yi?" Na ce a'a, gaisawa muke. Ya kama hannun ƙofata ya ja, ya sake ja, sannan ya sunkuya ya ga ɗinkin walda. "Wa ya liƙe maka ƙofa?"

"Ba haka ake yi ba?" na ce, murya a shaƙe. "Ai kai ma ta taga kake shiga. Na gan ka a Rogo."

"A Rogo?" Ya yi ɗan tunani. "Ayya, Yaya. Lokacin nan ne hannun ƙofar ya karye. Washegari ma na canja shi." Sai kuma ya ƙara, da zuciya ɗaya, "Ashe ka shigo Rogo ba ka biyo gida ba?"

Baba ya ƙara matsawa kusa da gonar dawar.

Na ce wa Sagiru ya tafi, tsere ake. Da gaske nake, don na fi son in wuni a tagar da a ce shi ya cece ni. Ya ce wane irin tsere kuma. Sauran motocin suka yi ta wuce mu, kowane direba sai ya rage gudu ya kalla. A bayansu kuma ga 'yan acaɓar da ke bin tseren, su kam tsayawa suka yi gaba ɗaya, suka kashe babura, suka gyara tsayuwa. (Su ne suka kai labarin gari, tun kafin in samu wando.)

Sagiru ya kama min hannu ɗaya, wani ɗan acaɓa ya kama ɗayan, aka yi bisimilla aka ja. Na ji wani abu ya yi ɓarrr, na ɗauka ƙashina ne. Sai ga ni kwance a kan burji, iska tana kaɗa ni a inda bai kamata ba. Sabon wandon ya zauna a mota tare da bel ɗinsa, ya rabu gida biyu a kan bututu. Abin da ya rage min daga ƙugu zuwa ƙasa shi ne wani gajeren wando da Rabi ta daɗe tana roƙo in bar mata ta yi tsumma da shi. A sama kuwa ga riga mai kauri da hular kwano.

Baba, har lokacin idonsa yana kan dawa, ya miƙa hannu baya ya lalubi amalanke, ya zaro wani buhun taki da babu komai a ciki, ya miƙo ta gefe ba tare da ya juyo ba. Na karɓa da hannu biyu na ɗaura kamar zani. Na ce, "Na gode, Baba." Ya ce, "Ba komai, Malam."

Komawa cikin motata ba zance ba ne. Sagiru ya ce in ɗauki tasa, shi zai kai min tawa gida. Na ce a'a tun kafin ya rufe baki. Duk abin da ya same ni, bai kai in shiga Karaye a jar mota da buhu a ƙugu ba. Baba ne ya raba gardamar. "Malam ya hau nan. Gida ya fi kusa, a samo masa wando." Sagiru ya bar wa wani ɗan acaɓa gadin tasa, ya miƙo min takalmana, ya dafa rufin tawa ya zura ƙafafu ya shige. Duk da bututun nan biyu, ko rigarsa ba ta taɓa ƙarfe ba.

Haka na hau amalanke na zauna a kan buhun gyaɗa, bayana jingine da bayan Baba. Tunda na auri Rabi ban taɓa zama kusa da shi haka ba. Shanu suna tafiya a nasu lokacin. Can wani wuri tsere ya ƙare, wani ɗan Rogo da kowa ya raina motarsa ya cinye tayoyin. Na cire hula na ɗora a cinya, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na ji bayan Baba yana girgiza a jikin nawa. Na ɗauka gargadar hanya ce, amma wurin a shimfiɗe yake sumul. Ya yi tari, ya gyara malafa, ya daka wa shanun tsawa ba su yi laifin komai ba.

Mun kusa shiga gari ya ce, "Malam."

"Na'am, Baba."

"Kafin ka tsaya ɗin nan, kai ne a gaba?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Har shi ja'irin?"

"Har shi."

Muka wuce wata bishiyar ɗorawa. "Na gani," ya ce. "Tun daga kwanar can na jiyo ta. Tana gudu." Bayansa ya sake girgiza. "Sai dai a yi mata ƙofa."

Abin da na sayar da babur don in ji ke nan, kuma na ji shi daga bakin Baba, ba ni da shaida sai shanu biyu. Wallahi na ji daɗi. Wannan ne ma ya fi ba ni kunya a duk labarin, yadda idona ya ciko da hawayen daɗi ina ɗaure da buhun taki.

Da wandon Baba na koma Karaye, ya tsaya min a ƙwauri. Labari ya riga ni isa. Rabi ta yi min sannu da zuwa, ta kawo ruwa, ta daure iya daurewarta. Sannan ta dubi wandon ta gane shi, ta ce, "To ka gode wa Allah, Malam. Duk shaƙuwarsu, Sagiru bai taɓa sa wandon Baba ba." Ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ina jin ta tana dukan katifa.

Yanzu idan aka yi taro a Yammedi, Baba yana da sabon labari, yadda Sagiru ya bar tsere yana tsaka da gudu saboda ɗan'uwansa ya samu matsala a hanya. Ba ya taɓa faɗin wace irin matsala. Wato ko faɗuwa Sagiru ya yi sai ta zame masa abin yabo, kuma ni na samar masa shi da hannuna. Ni kuwa har yau ina kan tabarmata a bakin ƙofa, har yau Malam ne. Sai dai gaisuwarmu ta ƙaru da tambaya ɗaya. Idan mun gama da iyali da makaranta da shanu, Baba yakan juya fuska ga bango ya ce, "Ya motar?" Sai in ce tana nan lafiya, an yi mata ƙofa.

Abin da na koya kaɗan ne, amma da wando na saya. Idan za ka kwaikwayi mutumin da kake jin haushi, daure ka tambaye shi tukuna, don ba duk abin da ka leƙo ne dabara ba, wani hannun ƙofa ne kawai ya karye. Shakazoban nan biyu ma na aika an karɓo. Sagiru da kansa ya zo ya ɗaura min su, ya yi aikin da kyau, kuma har yanzu ina jin haushinsa.